Darasi: Yadda Tatsa Ke Sauya Jinin Saniya

Ciyawar da saniya ta ci ba ta zarcewa daga tumbi zuwa hantsa. Sai ta narke, ta shiga jini, hanta ta sarrafa wani kaso nata, sannan hantsa ta tsamo abin da take so daga jinin da ke ratsa ta. Kafin ta haɗa lita 1 ta madara, sai jini kimanin lita 400 zuwa 500 ya bi ta cikinta. Saniya mai ba da lita 20 a rana ke nan jini lita 8,000 zuwa 10,000 yake ratsa hantsarta daga safiya zuwa safiya, alhali duk jinin jikin babbar saniya bai fi lita 40 da 'yan kai ba. Shi ɗin ne dai yake ta kewayawa. Waccan murɗaɗɗiyar jijiya da kuke gani ta taso a ƙarƙashin cikin saniya mai nono, jinin da ya gama aiki a hantsa take mayarwa zuciya.

A cikin kowace lita ta madara akwai ruwa wajen giram 870, da sukarin madara wajen giram 48, da mai giram 35 zuwa 50 gwargwadon irin saniyar, da furotin wajen giram 33, da kalsiyam giram 1.2, da fosfaras kusan giram 1. Abin lura shi ne hantsa ba ta cika rage wannan awo ba. Ko saniya ta ƙoshi ko ba ta ƙoshi ba, sukari da kalsiyam ɗin da ke cikin lita ɗaya kusan haka suke zama. Idan yunwa ta yi tsawo yawan nonon zai ragu, amma a makonnin farko bayan haihuwa jikin uwa ne yake biyan bashin, domin halittarta ta sa maraƙi a gaba da kanta.

Ku ɗauki jini kamar randar tsakar gida. Ba ta ɗaukar ruwa mai yawa, ana ɗiba ana zubawa duk yini. Hantsa ce mai ɗiba. Tumbi da hanta da ƙashi da kitse su ne masu zubawa. Mai gwajin jini randar kawai yake leƙawa. Idan ya tarar da ita cike, wannan bai nuna masa halin da rijiya take ciki ba. Idan ya tarar ta yi ƙasa, ya san ɗiba ta fi zubi a wannan lokacin.

Ba duk saniya ce ɗiba ke yi wa nauyi iri ɗaya ba. Bunaji ko Rahaji ko Bokolo a hannun makiyayi, abin da ake tatsa a rana sau da yawa lita 1 ne zuwa 2, ban da wanda maraƙi ya sha. Holstin ta Amurka kuwa, matsakaiciyarta tana haura lita 10,000 a shekara. Tsakaninsu akwai shanu 'yan aure, irin haɗin Firisiyan da Bunaji da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana aiki a kai, waɗanda yanzu ake gani a gonakin bayan gari. Saniya mai nono da yawa jininta kan girgiza farat ɗaya, cikin kwana biyu ko mako uku. Tamu ta gida a hankali take zubewa, wata da watanni, har sai ƙashin kwankwaso ya fito. Wanda ya sayo 'yar aure ya riƙe ta yadda kakansa ya riƙe Bunaji, shi ne ya fi kowa bukatar wannan darasi.

Kalsiyam: kwana ukun farko

A jikin saniya mai nauyin kilo 600 akwai kalsiyam kusan kilo 8, amma kusan dukkansa a daskare yake cikin ƙashi. Wanda ke yawo a ruwan jini bai wuce giram 3 zuwa 4 ba. A takardar gwaji ana rubuta shi da miligiram a kowane desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, kuma lafiyayyar saniya tana tsakanin 8.5 da 10.

To, ranar haihuwa hantsa ta cika da dakashi, shi kuwa dakashi yana ɗauke da kalsiyam kusan ninki biyu na madara, sama da giram 2 a lita. Saniyar da ta haɗa dakashi lita 10 ta zuba fiye da giram 20 ke nan a wuni ɗaya, ninki shida ko fiye na abin da ke cikin jininta. Jiki yana da dabarar cike gurbin. Akwai wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi a wuya, masu suna paratayirod, da suke jin saukar kalsiyam nan take, su saki wani homon, wato sinadarin da jiki ke aika saƙo da shi. Saƙon yana zuwa wuri uku: ƙoda ta daina zubar da kalsiyam a fitsari, ƙashi ya saki nasa, sannan ƙoda ta kammala bitamin D wanda zai sa hanji ya ƙara tsotsa daga abinci. Matsalar ita ce lokaci. Ƙoda tana amsawa da wuri amma abin da take tarewa kaɗan ne. Hanji yana bukatar kamar kwana ɗaya, ƙashi kamar kwana biyu, kafin su kankama. Hantsa kuwa ba ta jiran kowa.

A wannan tazara ce saniya ke faɗuwa. Tsoka ba ta motsi sai da kalsiyam. Da farko za ku ga tana rawar jiki, tana tangaɗi da ƙafafun baya, ta ƙi abinci. Idan awon ya sauka zuwa wajen 5, sai ta durƙushe ta kasa tashi, ta lanƙwashe wuya ta ɗora kai a haƙarƙarinta. Ku taɓa kunnenta, sanyi ƙalau. Hancin a bushe, ba tuƙa, ba kashi, ciki ya fara kumbura saboda tumbi ya tsaya. Littattafai suna kiran wannan zazzaɓin nono, amma kada ku jira zafin jiki, domin jikin sanyi yake yi. Idan aka bar ta, daga durƙuso sai ta miƙe a gefe ɗaya, kuma mafi yawan waɗanda suka kai nan ba magani ba sa tashi.

Tarihin maganin yana da ban sha'awa. A 1897 wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Denmak, Schmidt, ya zaci guba ce ke taruwa a hantsa, sai ya riƙa ɗura ruwan magani ta kan nono, shanu kuma suka riƙa tashi. Ba a jima ba aka gano ko iska zalla aka hura, hantsar ta cika tam, saniya tana miƙewa. Ba su san dalili ba sai a 1925, da masu bincike a Birtaniya suka nuna cewa kalsiyam ne ke faɗuwa a jinin. Iskar tana matse hantsa ne ta dakatar da haɗa nono, ɗiba ta tsaya, jini ya farfaɗo. Yau ba a yin haka, domin yana jawo ciwon hantsa. Ruwan kalsiyam ake sa wa a jijiya, kuma sau da yawa cikin awa ɗaya ko biyu saniya ta yi gyatsa, ta yi kashi, ta miƙe. Aikin likitan dabbobi ne, saboda idan aka tura ruwan da sauri zuciya tana iya tsayawa. Naku aikin kafin ya iso: ku tallafe ta da damin kara ko buhunan ƙaiƙayi ta zauna a kan ƙirjinta, ku riƙa juya ta daga wannan gefe zuwa wancan bayan 'yan sa'o'i, kuma kada ku ɗura mata komai ta baki. Maƙogwaronta ma ya saki, ruwan zai tafi huhu.

Wadda ta faɗi kowa ya gan ta. Waɗanda ba su faɗi ba su ne suka fi yawa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2011 ya tarar da kusan rabin shanun da suka haihu sau biyu ko fiye kalsiyam ɗinsu ya sauka ƙasa da 8 a kwana biyun farko, suna tsaye a kan ƙafafunsu. A cikin karsanai masu haihuwar fari kuwa, ɗaya cikin huɗu. Irin wannan saniya tumbinta ba ya juyawa sosai, mahaifarta ba ta tsukewa da wuri, bakin nononta ba ya rufewa da kyau bayan tatsa. Daga nan ake samun rashin cin abinci, da ruɓar mahaifa, da ciwon hantsa, mai shanu kuma ya yi ta sayen allurar kashe ƙwayoyin cuta bai san inda abin ya faro ba. Tsohuwar saniya ta fi shiga haɗari domin ƙashinta ya rage saurin saki, kuma irin Jasi ta fi Holstin.

Riga-kafin yana cikin mako ukun ƙarshe na ciki, kuma ya saɓa wa abin da hankali zai fara kawowa. Idan aka cika wa saniya kalsiyam kafin ta haihu, paratayirod sai ya yi barci, ranar bukata kuma ya makara. Haka nan abinci mai yawan fotasiyam ko sodiyam yana sa ƙashi da ƙoda su yi nauyin jin saƙon. Saboda haka 'yar aure mai nono da yawa, musamman daga haihuwa ta uku, a rage mata harawa da ganyen gyaɗa a waɗannan makonni, a janye mata kanwa, sannan da ta haihu a sakar mata su. Wannan shawara ba ta shafi ramammiyar Bunaji a watan Maris ba. Ita duk harawar da ta samu alheri ce, kuma da wuya ƙwarai ku ga ta faɗi da wannan ciwo.

Sukari da kitse: wata biyun farko

Mutum idan ya ci tuwo, sukari yake shiga jininsa kai tsaye daga hanji. Saniya ba haka take ba. Ƙananan halittun da ke cikin tumbinta su suke fara cin abincin, su mayar da shi wasu sinadarai masu tsami, hanta kuma ta ɗauki ɗaya daga cikinsu ta ƙera gulukos da shi. Kusan duk sukarin da ke jinin saniya ƙirar hantarta ne. Shi ya sa awonta yake ƙasa da namu: miligiram 45 zuwa 75 a desilita, inda lafiyayyen mutum da bai karya ba yake tsakanin 70 da 100. Wanda ya saba da awon masu ciwon suga kada ya ga 55 a saniya ya firgita.

Kowace lita ta madara tana cin gulukos wajen giram 70. Mai lita 20 tana bukatar kusan kilo ɗaya da rabi a rana don hantsa kaɗai, alhali abin da ke cikin jininta a lokaci guda bai kai giram 30 ba. Kuma sukarin madara shi ke jawo ruwa cikin hantsa, don haka yawan nono yana bin yawan gulukos ɗin da hanta ta iya ƙerawa.

Ga inda lissafin ke karyewa. A kwanakin ƙarshe na ciki cin saniya yana raguwa, wani lokaci har da kusan kashi 30 cikin 100. Bayan haihuwa nono yana hawa da gudu, ya kai ƙololuwa tsakanin mako na 4 da na 8, amma cin abinci ba ya kai nasa ƙololuwar sai wajen mako na 10 ko bayansa. Duk tsawon wannan lokaci abin da ke fita ya fi abin da ke shiga. Jiki sai ya sauya tsari gaba ɗaya: insulin ya yi ƙasa, tsoka da kitse su rage shan gulukos su bar wa hantsa, wadda ita ba ta bukatar insulin kafin ta sha. Kitsen da ke baya da gindin wutsiya da tozo ya fara narkewa yana shiga jini. A takardar gwaji ana rubuta wannan narkakken kitse NEFA, kuma idan ya haura kamar 0.6 ko 0.7 na milimol a lita bayan haihuwa, narkewar ta yi yawa.

Kaɗan daga wannan ba ciwo ba ne, kowace saniya mai nono tana yi. Amma kitsen hanta yake nufa, ita kuwa hantar saniya ba ta da saurin fitar da shi. Wanda ta iya ƙonawa ta ƙone, wanda ta ƙone rabi ya zama sinadaran da ake kira kiton, saura ya taru a cikinta. Mahauta sun san irin wannan hanta: ta kumbura, ta yi fari-fari ko rawaya-rawaya, gefenta ya dakushe, tana marmashewa a hannu. Hantar da kitse ya cika kuwa ƙera gulukos yake yi mata wuya, sai abin ya koma yana cin kansa.

Idan kiton ya yi yawa a jini, shi ne kitosis. Alamarsa ta farko takan rikita mutane: saniya ta ƙi dusa da ƙuli-ƙuli, abin da ta fi so, amma tana ɗan tsinkar busasshiyar ciyawa. Nono ya ragu, kashi ya bushe ya yi ƙyalli, rama ta zo da sauri. Numfashinta da madararta wani lokaci suna warin asiton, sinadarin nan da ake goge jan farce da shi, ko da yake ba kowane hanci ke kama shi ba. Kaɗan daga cikinsu sukan yi kamar sun zautu, suna lasar bango ko jikinsu ba ji ba gani. Akwai ƙaramar na'ura ta hannu, irin ta masu ciwon suga, da ke auna kiton ɗin da ake rubutawa BHB daga ɗigon jini ɗaya. Daga milimol 1.2 a lita zuwa sama matsala ta fara ko da ba a ga alama ba. Wajen 3 kuwa yawanci ta fito fili. Kwana 3 zuwa 14 bayan haihuwa ne ya fi dacewa a gwada.

Wani zai ce to a jiƙa mata sukari mana. Halittun tumbi za su riga ta shanyewa, idan ya yi yawa ma tumbin ya yi tsami. Abin da likitoci ke bayarwa shi ne furofilin gilaikol, kamar mililita 300 sau ɗaya a rana na kwana 3 zuwa 5, domin hanta tana mayar da shi gulukos. Amma gyaran gaskiya kafin haihuwa yake. A ma'aunin jiki mai hawa 1 zuwa 5, inda 1 ƙashi da fata ce, 5 kuma ƙiba har ba a jin haƙarƙari, ana son saniya ta haihu tana wajen 3 zuwa 3.5. Mai ƙiba sosai ita ta fi rage ci, ita ta fi narkar da kitse, ita ta fi kamuwa. A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a wurin sababbin masu kiwon gida: suna kiwata saniya mai ciki kamar ragon layya, don so, su jefa ta cikin wahala.

Akwai kuma asarar da ba a gani a ƙwarya. Muddin insulin da gulukos suna ƙasa, ƙwan saniya ba ya nuna da wuri, ba ta neman sa. Shanun gida da yawa sai sun yi kusan shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa, kuma yunwar lokacin shayarwa tana cikin manyan dalilai, tare da tsotson maraƙi. Saniyar da ta haihu a tsakiyar rani, tana tafiyar kilomitoci neman ruwa, tana shayarwa, ana kuma tatsarta, jikinta ya riga ya yanke hukuncin cewa ba yanzu ba.

Fosfaras, magnisiyam da gishiri

Ga shanunmu na gida, fosfaras ya fi kalsiyam zama abin damuwa. Ƙasar yankin sabana da yawa ba ta da shi sosai, ciyawa kuma idan ta bushe sai ɗan abin da ke cikinta ya ƙara raguwa, ga hantsa tana cire kusan giram 1 a kowace lita. Awonsa a jini miligiram 4 zuwa 8 ne a desilita, kuma yana bin abinci, saɓanin kalsiyam. Idan ya yi ƙasa na tsawon lokaci saniya takan rage ci, gaɓoɓinta su sage, ta riƙa tauna ƙashi, itace, tsumma, duk abin da ta tsinta. Wajen 1920, a Afirka ta Kudu, Arnold Theiler da abokan aikinsa suka warware wata cuta da ke shanye shanu tana kashe su: rashin fosfaras ne ke sa su cin ƙasusuwan mushe, a cikin mushen kuma akwai guba mai shanye jiki. Don haka idan kun ga saniya mai shayarwa da ƙashi a baki, ku kwashe mushe daga makiyaya, ku nemo mata dutsen lasa mai fosfaras. Dusar masara da ta alkama da angurya ma suna da shi da dama.

Magnisiyam halinsa daban. Jiki ba shi da homon da ke tsare shi, kuma saniya babba ba ta iya ciro na ƙashinta da sauri, don haka na yau daga abincin yau yake zuwa. Awonsa 1.8 zuwa 2.4. Ɗanyar ciyawa sabuwar tsira, musamman a filin da aka zuba wa taki mai yawa, tana da fotasiyam da ke hana tumbi tsotsar magnisiyam. Saniyar ba laushi take yi ba kamar mai rashin kalsiyam: firgita take yi, ido ya fito, tsoka na karkarwa, ta faɗi tana shure-shure, wani lokaci a wayi gari a tarar da ita ta mutu ta tone ƙasa da ƙafafu. An fi ganin wannan a ƙasashe masu sanyi irin Ingila da Niyuzilan, amma mai noman ciyawa da taki ya sani. Ƙarancinsa kuma yana raunana aikin paratayirod, ya buɗe wa faɗuwar kalsiyam ƙofa.

Gishiri kuwa makiyaya ba su jira littafi ba. Taron lasar gishiri da ake yi a Ingal ta Nijar a ƙarshen damina, da kanwar da ake jiƙa wa shanu, duk amsa ce ga bukatar sodiyam, wadda shayarwa ke ƙarawa. Sai dai abu biyu. Kanwa ba ta maye gurbin fosfaras. Sannan sodiyam na jini ba ya sauka sai abin ya yi nisa ƙwarai, domin ƙoda tana riƙe shi da ƙarfi. Saniyar da ke lasar ƙasa da gumin 'yar'uwarta ta riga takardar gwaji faɗa muku.

Furotin da yawan jini

Gab da haihuwa furotin na jini yana raguwa, domin sinadaran kariya daga cuta suna kwarara zuwa dakashi. Wannan daidai ne, rabon maraƙi ne, kuma dole ya sha shi a sa'o'in farko kafin hanjinsa ya daina karɓa. Albumin, furotin ɗin da hanta ke ƙerawa, yakan ɗan sauka a farkon tatsa ya dawo. Idan ya zauna ƙasa da giram 3 a desilita, a duba yunwa ko ciwon hanta ko tsutsar ciki. Kolestarol yana ƙasa lokacin haihuwa, ya hau a hankali yayin da ci ke ƙaruwa, kuma a saniya hawansa labari ne mai daɗi.

Yuriya ta jini tana nuna daidaiton furotin da abinci mai ba da ƙarfi a tumbi. Da rani, lokacin da furotin na busasshiyar ciyawa ya faɗi ƙasa da kashi 7 cikin 100 da halittun tumbi ke bukata, sai ta yi ƙasa; nan ne ɗan ƙuli-ƙuli ko angurya ke yin aikin da ya fi kuɗinsa, domin yana sa saniya ta iya cin karan da a da take bari. Idan kuma an cika furotin ba dusa ko hatsi, sai ta hau, kuɗi ya tafi a fitsari.

Kaurin jini, wato kason jajayen ƙwayoyi, yana tsakanin 24 da 46 cikin 100, kuma yakan ɗan sauka a farkon tatsa. Ɗan kaɗan ne. Madara ba ta ɗauke da sinadarin ƙarfe mai yawa, saboda haka tatsa kaɗai ba ta ƙarar da jini. Idan kun ja fatar idon saniya kuka ga ciki fari fat, ku nemi sammore, ko cutar kaska, ko tsutsar hanta. Shayarwa tana tona su ne kawai, saboda garkuwar jiki tana yin rauni a makonnin haihuwa.

Ɗibar jini da karanta sakamako

A 1970 masu bincike a Compton ta Ingila, ƙarƙashin jagorancin Payne, suka fito da tsarin gwada garke maimakon saniya ɗaya: a ɗebi jinin shanu 7 da ba a tatsa, 7 masu matsakaicin nono, 7 masu nono da yawa, a kwatanta. Hikimar tana nan har yau. Sakamakon saniya ɗaya yana iya zama halinta ne. Idan biyar cikin bakwai suka nuna abu ɗaya, abincin ne. Kuma lafiyayyu ake zaɓa, domin wadda ta kwana biyu ba ta ci ba komai nata zai fito a karkace.

Lamba ba ta da ma'ana sai an san ranar haihuwa. Kalsiyam 7.8 a rana ta farko abu ne da ake tsammani a tsohuwar saniya, a wata na huɗu kuwa abin bincike ne. Ku rubuta ranar haihuwar kowace saniya, da haihuwa ta nawa ce, da litar da take bayarwa, da abin da take ci, ku miƙa tare da jinin. Ku tuna kuma yawancin awon da ke littattafai daga shanun Turai da Amurka aka samo shi, don haka ƙaramin bambanci a Bunaji ba lalle ciwo ba ne.

Zafinmu yana ɓata jini da wuri. Jajayen ƙwayoyi suna ci gaba da shan gulukos a cikin kwalba, don haka jinin da ya wuni a aljihu zai nuna sukari ƙasa da gaskiya, idan ƙwayoyin suka fashe kuma fosfaras ya nuna sama. A sa shi a sanyi, a kai ɗakin gwaji cikin 'yan sa'o'i. Kwalba mai murfi shuɗi-ja, wadda ake auna kaurin jini da ita, tana da sinadarin da ke kame kalsiyam. Idan aka auna kalsiyam daga cikinta zai fito kamar babu. Mai jan murfi ake amfani da ita. Saniyar da aka kora aka kayar kafin a ɗiba sukarinta zai hau, wadda ƙishirwa ta kama kuwa jininta zai yi kauri ya ɓoye ƙarancinsa, ga shi mai lita 20 tana iya shan ruwa lita 80 zuwa 100 a ranar zafi.

Aiki

Wata 'yar aure ta haihu karo na huɗu jiya da dare, ta ba da dakashi lita 8. Ku lissafa kalsiyam ɗin da ya fita idan kowace lita tana da giram 2.2, ku kwatanta da wanda ke cikin jininta. Da safe an tarar da ita a durƙushe, kunne da sanyi: me za ku yi kafin likita ya iso, me kuma ba za ku yi ba?

Saniya mai lita 12 a rana, gulukos nawa hantsarta ke bukata? Idan a mako na biyu ta ƙi dusa tana cin kara, wane gwaji za ku nema?

Kafin haɗuwa ta gaba, kowa ya zaɓi saniya ɗaya mai shayarwa, tasa ko ta maƙwabci. Ya shafa bayanta da gindin wutsiya ya ba ta maki daga 1 zuwa 5, ya duba cikin fatar idonta, ya tambayi watan da ta haihu da abin da ake ba ta ban da kiwo, ya zo da shi a rubuce.